Auna Bayanin Manhaja da Aikin Ɗan Aike: Darasi Daga Harshen Mutanen Zakka

Tsakure

Injinan harshe na ƙirƙirarriyar basira sun wuce amsa tambaya kawai. Yanzu aiken su ake yi su dubo farashi, su yi lissafi, su tura kuɗi, ta hanyar kiran wasu ƙananan manhajoji. Abin da ke sanar da injin aikin kowace manhaja shi ne ɗan gajeren bayanin da mai manhajar ya rubuta. Maƙalar nan tana kafa hujja cewa karanta irin wannan bayani bai isa a yanke masa hukunci ba, sai an ga abin da ya sa injin ya aikata sa'ad da mutum ya yi masa magana da harshen da yake ciniki da shi kullum. An ɗauki garin Zakka da ke ƙaramar hukumar Safana a Jihar Katsina a matsayin fagen misali, an nuna inda bayani mai kyan karatu yake iya ɓatar da injin, an kawo tsarin gwaji, sannan aka amsa sukar da za a iya yi wa tsarin.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa ya san cewa aike kashi biyu ne: abin da aka faɗa wa yaron, da abin da yaron ya riga ya sani game da kasuwar. Idan aka ce masa ya sayo tiya biyu ta gero, sai ya san rumfar masu hatsi, ya san tiya daga mudu, ya kuma san cewa idan kuɗin bai kai ba komowa zai yi ya faɗa, ba zai sayo dawa a madadi ba. A wannan maƙala kalmar ɗan aike tana nufin injin harshe da aka ba damar yin aiki a madadin mutum. Shi wannan ɗan aike bai taɓa shiga kasuwar ba. Ba ya ganin cikin manhajar da zai kira, ba ya karanta lambobin da aka gina ta da su. Abubuwa uku kaɗai ake miƙa masa: sunan manhajar, bayanin aikinta cikin jimla ɗaya ko 'yan jimloli, da jerin guraben da zai cike, kamar gurbin adadi ko na sunan gari. Da waɗannan ukun zai yanke shawarar wace manhaja zai kira, me zai zuba a kowane gurbi, da kuma ko ya dace ya kira ta tun farko.

Ke nan 'yan jimlolin nan, waɗanda sau da yawa akan rubuta su a gurguje bayan an gama ainihin ginin manhaja, su ne idon ɗan aiken. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: ta yaya za mu san cewa bayanin ya yi kyau? Amsar da na tsaya a kai ita ce, ana auna bayani da halin da ya haifar, kuma awon ba ya inganta sai an yi shi da maganar mutanen da za su yi amfani da ɗan aiken. Bayanin da ya ci jarrabawa da Ingilishin ɗakin gwaji yana iya faɗuwa warwas a bakin manomin Zakka, kuma wannan faɗuwar ita ta fi cancanta a ƙirga, domin shi ne zai yi asarar.

2.0 Inda bincike ya tsaya

Wannan fage sabo ne ƙwarai. A 2022 Shunyu Yao da abokan aikinsa na Jami'ar Princeton da kamfanin Google suka fito da tsarin ReAct, inda injin yake yin tunani, ya ɗauki mataki, ya duba sakamako, sannan ya sake tunani. A farkon 2023 masu bincike na kamfanin Meta suka nuna da Toolformer cewa injin yana iya koyon lokacin da ya kamata ya kira na'urar lissafi ko manhajar bincike. A watan Yunin shekarar kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu gina manhaja hanyar bayyana wa injinsa ayyukan da zai iya kira, sannan a Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar Model Context Protocol, wadda ta daidaita yadda ake gabatar da manhaja ga ɗan aike: suna, bayani, da tsarin gurabe. Tun da wasu manyan kamfanoni suka karɓi wannan ƙa'ida a 2025, bayanin da mutum ɗaya ya rubuta yana iya kaiwa ga injina iri-iri waɗanda bai taɓa gwadawa da su ba.

Hujjar cewa bayani yana da nauyi ta riga ta samu. Cheng-Yu Hsieh da abokansa sun nuna a 2023 cewa ba injin rubutaccen bayanin manhaja kaɗai yana iya yin daidai da nuna masa misalan amfani da ita, wani lokaci ma ya fi. A Afrilun 2025 kuma kamfanin Invariant Labs ya nuna ɗaya fuskar lamarin: ana iya ɓoye mugun umarni a cikin bayanin manhaja, mai amfani bai gani ba, injin kuwa ya karanta ya bi. Abin da ke da ƙarfin sa injin ya fitar da asirin mai shi, lalle yana da ƙarfin sa shi ya yi kuskure ba tare da wani mugun nufi ba.

An kuma samar da jarrabawa da dama. Jarrabawar aikin Gorilla daga Jami'ar Berkeley da ToolBench, wanda ya tattara manhajoji sama da 16,000 daga dandalin RapidAPI, duk sun fito a 2023. A 2024 Berkeley ta buɗe allon gasar kiran manhaja, wanda yake duba har da ko injin ya san ya ƙi kira idan babu manhajar da ta dace. A shekarar ce kamfanin Sierra ya fitar da tau-bench, wanda ya kawo ma'auni mai muhimmanci: a maimaita aiki ɗaya sau da yawa a ga ko injin zai ci kowane karo. A gwajin farko, injin GPT-4o bai ci rabin ayyukan ba, kuma da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau 8 a jere a fannin ciniki, bai kai kashi 25 cikin 100 ba. Sai dai waɗannan jarrabawa suna da giɓi biyu. Na farko, akasarinsu injin suke aunawa: a bar bayanin manhaja yadda yake, a sauya injina a ga gwani. Mai gina manhaja kuwa akasin haka yake bukata, a bar injin yadda yake, a sauya bayani. Na biyu, mai aiken da ake kwaikwaya a cikinsu yawanci Ingilishi yake yi, yana ƙirga da dala da kilo, yana zaune inda kowane gida yake da lamba. IrokoBench, wanda David Adelani da abokan aikinsa suka fitar a 2024 kuma Hausa tana ciki, ya nuna tazara mai faɗi tsakanin ƙoƙarin injina a Ingilishi da ƙoƙarinsu a harsunan Afirka. Idan tazarar tana nan a amsa tambaya kawai, babu dalilin zaton cewa za ta ɓace idan aka zo ga aike.

3.0 Zakka a matsayin fagen gwaji

Zakka gari ne na manoma da makiyaya a yammacin Jihar Katsina, cikin ƙaramar hukumar Safana, maƙwabciyar Batsari, a yankin da ya jingina da Dajin Rugu. Misalan da za su biyo baya na ƙaddarawa ne, an gina su a kan harshe da ma'amalar yankin domin a ga inda bayani yake yoyo. Mu ƙaddara an haɗa wa mutanen wannan yanki ɗan aike a waya, an ba shi manhajoji biyar: ta hasashen yanayi, ta farashin hatsi, ta taswira, ta lissafin zakka, da ta tura kuɗi.

Matsala ta farko tana cikin sunan garin kansa. Wani ya rubuto saƙo, kamar yadda aka saba rubutu a waya, babu babban baƙi babu ƙugiya: "nawa ne kudin zakka daga safana". Ɗan gari ya san kuɗin mota ake tambaya. Ɗan aiken kuwa yana da manhaja mai bayani kamar haka: "Tana lissafa zakka. Gurbi: adadin dukiya." Kalmomi biyu na saƙon, kuɗi da zakka, sun ja shi zuwa wannan manhaja, kuma babu abin da ke cikin bayanin da zai tsayar da shi. Wanda ya karanta bayanin a ofis zai ce gajere ne, a fili yake, babu kuskure a ciki, kuma gaskiya ya faɗa. Aibinsa yana cikin abin da bai faɗa ba: bai ce yaushe ne bai kamata a kira manhajar ba. Irin wannan aibi ba ya bayyana sai bayanin ya haɗu da jimlar da za ta tona shi.

Ko da tambayar ta zakkar ce da gaske, bayanin bai tsira ba. Manomi ya ce: "Na samu dami tamanin na gero bana, nawa zan fitar?" Gurbin yana neman adadin dukiya, sai ɗan aiken ya zuba 80. Idan an gina manhajar ne domin zakkar kuɗi, za ta cire kashi 2.5 cikin 100 ta ce masa biyu. Amma amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ushuri ake fitar masa, wato ɗaya cikin goma, na noman rani da aka sha wahalar ban ruwa kuma ɗaya cikin ashirin, kuma duka sai hatsin ya kai nisabi, wasaƙi 5, wato sa'i 300. Dami kuma ba ma'auni tsayayye ba ne, sai an sussuke an auna. Idan aka zo awon ma, mudun Annabi da ake lissafin sa'i da shi, huɗu a sa'i ɗaya, daban yake da mudun kasuwa. Sai kuma batun mazhaba. A yankin Batsari da aka sani da noman rogo, manomi yana iya tambayar zakkar rogonsa. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, rogo ba ya cikin nau'o'in amfanin gona da ake fitar wa zakka daga jikinsu, alhali Imam Abu Hanifa yana ganin ushuri a kan galibin abin da ƙasa ta fitar. Manhajar da aka gina a wata ƙasa a kan wata mazhaba, bayaninta kuma bai ambata ba, za ta ba manomin amsa cikin lamba tsaf, shi kuma ya ɗauka hukuncin da malaminsa zai ba shi ke nan. Bayanin da ya san nauyin da ke kansa zai fi kama da wannan: "Tana lissafa zakkar kuɗi da kayan ciniki kaɗai, kashi 2.5 cikin 100, adadi da naira. Ba ta lissafa zakkar hatsi ko dabbobi. Idan mai tambaya ya ambaci dami, buhu, tiya ko kawunan dabbobi, kada a kira ta. Zakka kuma sunan gari ne a Safana. Idan maganar tafiya ce ko kasuwa ko yanayi, garin ake nufi." Ya fi na farko tsawo ninki da yawa, kuma rabinsa hani ne.

Manhajar tura kuɗi ta fi haɗari, domin abin da ta aikata ba ya komowa cikin sauƙi. Kamfanonin biyan kuɗi na Najeriya ba su daidaita a kan yadda ake rubuta adadi ba: tsarin Paystack da kwabo yake karɓa, na Flutterwave da naira, kuma kowannensu ya bayyana hakan a takardunsa. Wanda ya naɗe ɗaya daga cikinsu ya miƙa wa ɗan aike, ya rubuta "adadi" kawai a bayanin gurbi, ya bar ƙofar kuskure ninki ɗari a buɗe. A ɓangaren mai aiken ma akwai nasa. Ɗan kasuwar shanu yakan ce "ɗari uku" yana nufin naira dubu ɗari uku. Jaka a tsohon lissafin Arewacin Najeriya naira 200 ce, a kasuwar Maraɗi kuwa jaka sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, mutanen yammacin Katsina kuwa sun daɗe suna cuɗanya da fatake daga can. A nan halin da ake so daga ɗan aike shi ne ya tsaya ya maimaita adadin da cikakkiyar lamba, ya jira a ce masa e. Matambayi ba ya ɓata, amma injin yakan karkata ga kammala aiki in ba a nuna masa inda zai tsaya ba.

Akwai kuma yanayin sadarwa. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Safana da Batsari suna ciki, aka shafe watanni a haka. Ko a lokacin da layi yake aiki, yankewa a tsakiyar aiki abu ne sananne a ƙauyuka. Idan manhajar tura kuɗi ta yi shiru ba ta dawo da amsa ba, shin kuɗin ya fita ko bai fita ba? Ɗan aiken da ba a faɗa masa komai ba yana iya sake kira, a biya sau biyu. Jimla ɗaya a bayanin, cewa a duba tarihin asusu kafin a maimaita, ita ce bambancin. Haka manhajar taswira. Ita nisa ta sani, ba ta san wace hanya ce mutanen garuruwan Runka ko Babban Duhu suka daina bi bayan la'asar ba. Idan bayaninta ya ce tana bayar da "hanya mafi kyau" maimakon "hanya mafi gajarta a taswira, ba tare da sanin halin tsaro ba", ɗan aiken zai isar da saƙon da tabbacin da bai mallaka ba, kuma a gefen Dajin Rugu wannan magana ce ta rai.

4.0 Tsarin gwajin da ake ba da shawara

Mataki na farko shi ne tattara maganar mutane tun kafin a taɓa bayanin. A je wurin manoma, matan da ke sana'a a gida, masu awo, 'yan acaɓa da malaman zaure, da yardarsu kuma bisa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, a ji yadda kowa zai faɗi bukatarsa. A ajiye jimlolin yadda suka fito, da karin harshen Katsinanci, da rubutu marar ƙugiya inda kasa da ƙasa ko kara da ƙara suke zama abu ɗaya, da kalmomin lokaci irin su jibi, gata da citta waɗanda sai an mayar da su kwanan wata kafin manhajar yanayi ta karɓa. Jimlolin da aka fassaro daga jarrabawar Ingilishi ba za su wadatar ba, domin fassara tana ɗauko tunanin asalinta: ba za ta taɓa haifar da tambayar dami tamanin ba. Wajibi ne kuma masu tsara jarrabawa su zama daban da masu rubuta bayani, a kuma ɓoye wani kaso na jimlolin, don kada a yi ta gyaran bayani har ya haddace jarrabawar.

Mataki na biyu shi ne rubuta wa kowace jimla halin da ya dace, kuma 'yan gari da masana fannin ne za su rubuta, malami a kan zakka, ɗan kasuwa a kan awo. Halin yana da fuska huɗu da za a ba kowace maki daban. Shin ya zaɓi manhajar da ta dace? Shin ya cike gurabe da ma'auni daidai? Shin ya tsaya ya yi tambaya, ko ya ce ba shi da abin yin wannan aiki, a inda hakan ne daidai? Shin ya isar da sakamakon da gaskiya, har da iyakarsa, har da faɗin cewa manhaja ta gaza idan ta gaza? Ina ganin kaso mai tsoka na jarrabawar ya kamata ya zama jimlolin da amsarsu ita ce kada a kira komai, domin bayani marar iyaka a nan yake fallasa. A lura kuma da kishiyar wannan: ɗan aiken da ke tambaya a kan komai, har a kan abin da yake a fili, shi ma ya faɗi, domin kowane saƙo kuɗin data ne ga mai waya.

Mataki na uku shi ne sauya abu ɗaya tak. A bar injin, da jimloli, da sauran manhajoji yadda suke, a gwada bayani iri uku: suna kawai babu bayani, bayanin asali, da wanda aka gyara. Na farkon yana nuna abin da injin yake iya cinka da kansa, don kada a yaba wa bayani a kan abin da ba shi ya yi ba. A nan ne kuma za a warware tambayar da aka saba amsawa da son rai: da wane harshe za a rubuta bayanin? Da Ingilishi, da Hausa, ko da Ingilishi mai ɗauke da kalmomin awo da sunayen garuruwa na Hausa? Kishin harshe yana ja wani ɓangare, sabawar injina da Ingilishi tana ja wani, sai an gwada akan san na ƙwarai. A maimaita kowace jimla sau da yawa, bisa darasin tau-bench, domin lissafi kaɗai ya isa gargaɗi: injin da ke cin aiki kashi 90 cikin 100, idan kowane karo zaman kansa yake, damar ya ci sau 8 a jere kusan kashi 43 ce. A kuma maimaita da injina fiye da ɗaya, tun da bayanin ba na injin guda ba ne.

Mataki na huɗu shi ne auna kuskure da nauyin ɓarnarsa. Kuskuren hasashen ruwan jibi da kuskuren tura dubu ɗari uku ba za su hau sikeli ɗaya ba. Ƙa'idar Model Context Protocol ta tanadi alamun da ke nuna manhajar da karatu kawai take yi da wadda take iya yin abin da ba ya gyaruwa, kuma wannan rabe-raben mafari ne mai kyau. Sai dai nauyin kansa mutanen wurin ne za su ƙayyade shi. Sakamakon gwaji kuma kada ya zama lamba ɗaya da ta haɗiye komai. A fito da jadawali da ke nuna wace jimla ce ta ja ɗan aiken zuwa wace manhaja bisa kuskure, domin shi ne yake nuna wa marubuci layin da zai gyara.

5.0 Suka da amsa

Za a ce injina suna ƙara wayo kowace shekara, nan gaba kaɗan za su gane manufa ko da bayani ya gaza. Wannan gaskiya ne a kan wani kaso na matsalar: injin da ya ƙware a Hausa zai iya gane cewa "daga Safana" maganar tafiya ce. Amma wayo ba ya samar da labarin da ba a bayar ba. Ko gurbi kwabo yake karɓa ko naira, ko manhajar zakka a kan wace mazhaba aka gina ta, shawara ce da wani mutum ya yanke a ɗakinsa, kuma in bai rubuta ba babu mai sani. Ƙari a kan haka, injin da ya fi fasaha ya fi iya lulluɓe cinkensa da magana mai gamsarwa, sai kuskuren ya fi wuyar ganewa.

Za a kuma ce wannan aikin lambobin manhaja ne, a sa shinge a cikinta ta ƙi karɓar abin da bai dace ba, a daina dogara da jimloli. Na yarda da rabin wannan suka, har ina ƙarfafa shi: duk abin da za a iya tilastawa a cikin manhaja, kamar neman tabbaci kafin kuɗi ya fita ko hana biya sau biyu, a tilasta shi a can, domin bayani roƙo ne, shinge kuwa hani ne. Amma shinge siffa yake dubawa. Lamba 80 lamba ce ingantacciya ko dami take nufi ko naira, kuma babu shingen da zai hana a kira manhajar zakka a kan tambayar kuɗin mota. Zaɓi da fassarar manufa suna faruwa ne kafin a iso shingen, a inda bayani kaɗai yake da iko.

Suka ta uku ita ce tsada. Tattara jimloli a ƙauye yana cin kuɗi da lokaci, alhali ana iya sa wani injin ya ƙirƙiro jimlolin, ya kuma yi alƙalanci. Injin yana da amfani wajen yawaita misalai bayan an samu na asali, amma alƙalin da bai san tiya ba ba zai kama ɗan aiken da bai san tiya ba, makantarsu ɗaya ce. Kuma aikin bai fi ƙarfinmu ba. Masu bincike na Hausa sun riga sun nuna ana iyawa: NaijaSenti, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad ya jagoranta a 2022, da MasakhaNER na ƙungiyar Masakhane a 2021, duk da hannun masu harshen aka yi musu alama. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, kuma cikin ɗalibansu akwai 'ya'yan waɗannan garuruwa da ba sai an koya musu mene ne dami ba.

Suka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi: mutanen da ke fama da rashin tsaro da ƙarancin layi, ina ruwansu da bayanin manhaja? Babu mai hankalin da zai sa wannan a gaban zaman lafiya. Amma waya da tura kuɗi ta waya sun riga sun shiga ƙauyuka, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, injin harshe mai jin Hausa, Yarbanci da Ibo. 'Yan aiken suna tafe, da gwajinmu ko babu. Mutumin birni da aka yi wa kuskuren tura kuɗi yana da reshen banki kusa da shi. Manomin da kuɗin takinsa na shekara ya tafi wani asusu sai ya yi tafiya a hanyar da ba kullum take da aminci ba kafin ya samu wanda zai saurare shi. Wanda kuskure ya fi yi wa tsada shi ya fi cancanta a yi gwajin da harshensa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa bayanin manhaja yana iya zama daidai a kowace kalma amma ya ɓatar da ɗan aike, saboda aibinsa yakan kasance cikin abin da ya yi shiru a kai: ma'auni, mazhaba, iyaka, da lokacin tsayawa. Ta kawo tsarin da ke farawa daga maganar mutane, ya sauya bayani kaɗai, ya maimaita gwaji, ya auna kuskure da ɓarnarsa. Kirana ga sassan nazarin Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu shi ne su haɗu a kan wannan aiki, domin ɗaya yana da harshen, ɗaya yana da injin, kuma babu wanda zai iya shi kaɗai. Magabata sun ce zuwa da kai ya fi aike. Tun da zamani ya kawo mu inda za a riƙa aiken injin a kan kuɗin mutane da ibadarsu da hanyar da za su bi, mafi ƙarancin haƙƙin da ke kanmu shi ne kada a saki ɗan aike a Zakka sai an gwada shi da tambayar dami tamanin, an ga ya san ya tsaya ya ce: wannan hatsi ne, a auna shi tukuna, a kuma tuntuɓi malami.